Inna, Zauna Ki Huta: Sharhi A Kan Littafin Motsa Jiki Na Hukumar Lafiya Ta Duniya

A watan Nuwamba na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda babban ofishinta ke birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, ta fid da wani littafi na shawarwari a kan motsa jiki da kuma illar yawan zama wuri ɗaya. Littafin nan shi nake so mu ɗora bisa sikeli, mu ga abin da ke cikinsa na amfani, mu ga kuma inda ya gaza, musamman game da matanmu na ƙasar Tofa waɗanda suka ba shekara 40 baya amma tsufa bai kama su ba tukuna. Ni dai akawu ne, iyakar aikina rubutu da lissafi, ban taɓa riƙe allurar likita ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Wani abu da ya faru a gidanmu shi ya sa na nemi littafin na karanta, har na ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwana da suka yi yaƙi da jahilci abin da na gani, don su karanta wa na gida.

Ina da wata yaya, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tana aure a wani ƙauye na ƙasar Tofa. Shekarunta 52, haihuwarta tara, bakwai na raye. Ciwon kai da jiri suka matsa mata, muka kai ta wani asibiti a cikin birni. Aka ɗaura mata abin awo a dantse, aka ce hawan jini ne, aka rubuta mata magani, aka ce ta rage gishiri da ɗanɗanon miya, sa'an nan aka ƙara da cewa, "Baba, ki riƙa motsa jiki." Iyakar bayanin ke nan, aka kira na baya. Muna fitowa sai ta yi dariya, ta ce, "Auta, ashe likita ma yana ba'a? Ni da na yi shekara talatin ina surfe da daka da niƙa da jan guga, yau ni za a ce wa in motsa jiki? Ko so yake in ɗaura ɗamara in bi sojan Janguza gudu?" Na yi shiru, can na ce, "Yaya, yaushe rabonki da taɓarya?" Sai ta tsaya tana ƙirga da yatsu. Ashe tun ranar da aka kawo amaryar ɗanta na fari ba ta sake taɓa ta ba, shekara shida ke nan.

Abin da littafin ya ce

Littafin da Turanci na same shi, kuma yana da tsawo, amma gundarin maganarsa ba shi da yawa. Ya ce kowane baligi mai shekara 18 zuwa 64, namiji ko mace, ya kamata a kowane mako ya yi minti 150 zuwa 300 yana motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, kamar gudu. Bayan wannan, a sami kwana biyu ko fiye a mako a yi abin da zai ƙarfafa tsokar jiki, watau ɗaga abu mai nauyi ko tura shi ko jawo shi. Ya ce kuma a rage yawan zama. Wanda ya kai 65 an ƙara masa da kwana uku a mako na koyon tsayuwa daram, don kada ya riƙa faɗuwa.

Abu biyu sun gamshe ni ƙwarai a ciki. Na fari, littafin ya ce kome ƙanƙantar motsi ya fi babu, kuma wanda bai saba ba ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa. Shawarar da Hukumar ta bayar a 2010 ta ce ba a lissafa motsi sai ya kai minti 10 a jere. A 2020 an soke wannan sharaɗi, ko minti uku mutum ya yi an sa masa a lissafi. Na biyu, bai ce lalle sai an je filin wasa ba. Aikin gida, da aikin gona, da tafiya kasuwa a ƙasa, duk ya ƙirga su. Saboda haka zancen bin soja gudu bai taso ba.

Hujjar likitoci

Mai karatu zai ce, to, ina hujja? Tambaya ce mai kyau, domin magana ba hujja kamar miya ce ba gishiri. A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya gwada direbobin bas na birnin Landan da kwandastocinsu. Motocin masu bene ne. Direba yana zaune yini zubur, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Ya kuma gwada masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis, aka tarar akawuna sun fi shan kashi. Da na zo nan sai na ajiye takarda na dubi tumbina.

Wancan binciken na maza ne. Na mata ya zo daga baya. A Amurka an bi sawun mata ma'aikatan jinya 72,488 masu shekara 40 zuwa 65 har shekara takwas, aka buga sakamakon a 1999. Waɗanda ke tafiya da sauri awa uku ko fiye a mako, haɗarin ciwon zuciya a gare su ya ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 bisa ga na masu zama. Har waɗanda sai da girma ya zo suka fara, su ma sun amfana. Amma mai hankali zai iya cewa, watakila dama masu lafiya su ne ke iya tafiyar, marasa lafiya ke zama. Don haka gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka raba mutane da ƙuri'a. An yi irinsa a Amurka, aka buga a 2002. Mutum 3,234 ne waɗanda ciwon sukari ke gab da kama su, kashi biyu cikin uku mata ne, matsakaicin shekarunsu 51. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar metformin, kashi ɗaya aka ba su ƙwaya ta banza da ba magani a ciki, kashi na uku aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba. Bayan wajen shekara uku, ƙwayar metformin ta rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, tafiya da gyaran abinci kuwa suka rage shi da kashi 58. A lura dai, tafiyar ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba, da taimakon abinci.

Saura ƙashi. A 1994 Miriam Nelson da abokan aikinta a Jami'ar Tufts ta birnin Boston suka ɗauki mata 40 masu shekara 50 zuwa 70 waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Rabi aka sa su ɗaga nauyi sau biyu a mako har shekara guda, rabi aka bar su yadda suke. Masu ɗaga nauyi ƙashin ƙugunsu da na gadon bayansu ya ƙara ƙwari da wajen kashi 1 cikin 100, na sauran kuwa ya ragu da wajen kashi 2. Ƙarfinsu ya ƙaru, tsayuwarsu ta ƙara daidaita.

Dalilin duk wannan ba boyayye ba ne. Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini, in ana ba ta aiki daidai kima sai ta yi ƙarfi, jijiyoyin jini kuma su yi laushi su buɗe. Shi ya sa mai hawan jini da ya lazimci tafiya, lambar sama ta awonsa takan sauka da wajen 5 zuwa 8. Tsokar cinya da ta dantse kuwa su ne manyan masu cin sukarin da ke yawo cikin jini, in suna aiki sai su zuƙe shi, in suna kwance sai ya taru. Ƙashi kuma abu ne mai rai, in ana ɗora masa nauyi jiki yakan ƙara masa gini, in an bar shi sai ya riƙa zagwanyewa kamar katangar da aka daina yi wa yaɓe. Mace tana da wani sinadari a jikinta, likitoci suna kiransa isturojin, wanda ke tsare mata ƙashi da jijiyoyin jini muddin tana ganin al'ada. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke, sinadarin ya ja baya. Cikin shekaru goma da ke kewaye da wannan lokaci ƙashin gadon baya yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙwarinsa, kitse ya koma taruwa a ciki, hawan jini ya sami ƙofa. Ashe lokacin da muke ce wa mace ta zauna ta huta, shi ne daidai lokacin da jikinta ya fi bukatar motsi.

Har zuwa nan ba ni da ja da littafin. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta da sauƙi. Amma kowane allazi da nasa amanu.

Inda ya gaza

Aibi na fari shi ne ya zuba mutane masu shekara 18 zuwa 64 a kwando ɗaya. Ya ware babi don yara, da babi don tsofaffi, da na masu ciki da masu jego, da na naƙasassu, da na masu ciwon da ba ya jin magani da wuri, kamar sukari da hawan jini. Amma macen da al'ada ta ɗauke mata ba ta sami nata babi ba. Jama'a, ku duba: budurwa 'yar shekara 18 da Yayata mai haihuwa tara, wai awo ɗaya za a yi musu? Binciken lafiya da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, alhali na ƙasa duka 5.3 ne. Macen da ta sha naƙuda haka, naman da ke riƙe da mahaifarta da mafitsararta yakan saki. In aka ce mata ta ɗaga nauyi ba tare da gargaɗi ba, tana iya gamuwa da saukowar mahaifa ko ɗigar fitsari, abin da kunya ba za ta bari ta gaya wa kowa ba. Littafin da za a yi wa matanmu dole ya fara da wannan.

Aibi na biyu, kusan duk gwaje-gwajen da aka gina maganar a kai a ƙasashen masu arziki aka yi su, cikin mutanen da ke da mota da famfo a ɗaka da abinci har ya yi yawa. Marubutan ba su ɓoye ba, sun faɗa da bakinsu cewa binciken da aka yi a ƙasashe matalauta kaɗan ne, wannan kuwa na yaba musu. Amma amsa laifi ba ya biyan bashi. Ga misali, littafin yana awo da minti, yana kuma cewa motsi matsakaici shi ne wanda in an ce mutum ya ba wahalarsa maki daga 0 zuwa 10 zai ba ta 5 ko 6. Wace tsohuwa ce a Lambu ko Yanoko za ta tsaya ba numfashinta maki? Akwai awon da wasu likitoci ke koyarwa wanda ya fi wannan dacewa da mu: in kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, motsinki matsakaici ne, in ko maganar ma ba ta fita sai da haki, ya yi tsanani. Matan da suka saba waƙa a bakin dutsen niƙa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Haka kuma zafin rana, littafin ya ambace shi wajen masu ciki, alhali a ƙasar Kano cikin watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kowa ma yana bukatar gargaɗin.

Aibi na uku shi ne mafi girma a ganina. Littafin ya ƙirga aikin wahala da motsa jiki na ganin dama a matsayi ɗaya, ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a rarrabe su ba. Wata biyar kacal bayan fitowarsa, a 2021, sai aka buga wani bincike daga birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak, inda aka bi mutum 104,046 maza da mata har wajen shekara goma. Masu motsa jiki a lokacin hutunsu, ciwon zuciya da mutuwa sun ragu a cikinsu. Masu aikin ƙarfi yini zubur don neman abinci kuwa, haɗarin ƙaruwa ya yi. Masu binciken suna ganin dalili shi ne aikin wahala yana daɗewa ba hutu, yana riƙe bugun zuciya da hawan jini a sama awa da awa, ba ya barin jiki ya murmure. Wannan bincike na bin sawu ne, ba a raba mutane da ƙuri'a ba, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san akwai bambanci tsakanin gajiyar da ke sa barci mai daɗi da gajiyar da ke tsofar da mutum.

A ƙasar Tofa kuwa mata iri biyu ne a wannan shekaru. Akwai irin Yayata, wadda Allah ya rufa wa asiri, surukai suka karɓi girki, inji ya karɓi niƙa da surfe, ɗan ga-ruwa ya karɓi guga, babur da A Daidaita Sahu suka karɓi tafiya. Ta wayi gari a kan tabarma tana saƙar faifai ko ɗinkin hula ko suyar awara, daga hantsi har la'asar, abinci kuwa yadda take ci tun tana daka haka take ci. Akwai kuma wadda miji ya mutu ya bar ta da marayu, ita ce sussukar hatsin mutane don a ba ta ɗan awo, ita ce ɗauko itace a ka daga nesa, ita ce matsar man gyaɗa. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa nauyinta kilo 25 ne, rabin buhun siminti ke nan a kan wuyan mace mai shekara 50. Wannan baiwar Allah abin da take bukata shi ne hutu da abinci mai gina jiki da wanda zai rage mata kaya. In ma'aikacin asibiti ya karanta littafin nan ya ce wa su biyun "ku riƙa motsa jiki", ɗaya ya yi mata magani, ɗaya ya yi mata izgili.

Namu laifin

Kada mu ɗora wa mutanen Janiba kayan da ba nasu ba. Sun rubuta wa duniya ne gaba ɗaya, suka bar wa kowace ƙasa ta ɗinka rigar daidai wuyanta. Tambayar inda mace za ta yi tafiyar, mu ta shafa.

Ƙasarmu cike take da mutane. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tofa mutum 97,734 a fili mai murabba'in kilomita 202, watau wajen mutum 480 a kowace murabba'in kilomita, yau kuwa an fi haka nesa. Gona na jikin gona, gida na kallon gida. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi kusa da birni ta buga littafinta a 1977, ta lura cewa abin da ya sa kulle ya yiwu har a ƙauyukan Kano shi ne ruwa yana kusa, ana haƙa rijiya a cikin gida, ga kuma jakuna suna ɗaukar kayan da a wasu ƙasashe mata ke ɗauka. Amma matan kulle na wancan zamani ba a zaune suke ba. Turmi da dutsen niƙa da guga sun ishe su motsi, har sun yi yawa. Yanzu inji ya ɗauke waɗannan, kuma alhamdu lillahi da ya ɗauke, ba mai son a mai da mata bauta. Sai dai ba mu sa kome a gurbinsu ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Sa'an nan ga wata al'ada tamu mai kyau wadda ta juye ta zama cuta. Ɗa nagari ba ya son ya ga uwarsa tana aiki. Da ta ɗauki tsintsiya sai a ce, "Inna, zauna ki huta." Da ta ce za ta je barka unguwar da ke bayan gona sai a kira mai babur. Suruka kuma tana tsoron a ce ta bar uwar miji da wahala. Ƙiba ma muna ɗaukarta alamar jin daɗi, in mace ta yi jiki sai a ce miji ya iya kiwo. Da haka, cikin ƙauna da girmamawa, muke zaunar da iyayenmu har gwiwa ta riƙe, har a wayi gari suna salla a zaune, wata ma ɓarin jiki ya shanye. A Nijeriya kusan baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, da yawa kuwa ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 34 cikin 100 na matan duniya ba su samun isasshen motsi, maza kuwa kashi 29.

Wani zai ce addini ya hana. Malamai sun fi ni sani, amma abin da na koya a makarantar allo da zauren malam bai nuna mini haka ba. Ya zo a cikin littafin Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, da fari ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki ya wuce ta. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis, mata dattijai, ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma. Dama a al'adarmu macen da ta manyanta ita ce ke da sararin fita, ita ce zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa da dubiya. Ba sabon abu nake kawowa ba. Cewa nake a bar ta ta je da ƙafarta, cikin lulluɓinta da mutuncinta.

Yadda za a ɗinka rigar daidai wuyanmu

Minti 150 a mako shi ne rabin awa a kwana biyar. Ba lalle a yi shi a tashi ɗaya ba. Ana iya yin kashi ɗaya bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ɗaya bayan la'asar, ɗaya bayan an ci tuwon dare. Wadda ba ta fita tana iya kewaya tsakar gida da sauri, daga zaure zuwa madafi zuwa bakin rumbu, ko ta haɗu da kishiya ko maƙwabciya su riƙa yi tare, don abin da ake yi da abokin hira ya fi daɗewa. Wadda ke fita, makarantar Islamiyya da gidan 'yan'uwa da burtalin da ya ratsa gonaki sun ishe ta. Na ƙarfin tsoka kuwa, sau biyu a mako: ta zauna a kujera ta miƙe sau goma ba tare da dafa kome ba, ta dafa bango da tafin hannu biyu ta riƙa kai ƙirji tana turowa, ta cika gora biyu masu lita ɗaya ko biyu da ruwa ta riƙa ɗagawa sama, ta tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango. In ya yi sauƙi sai a ƙara. Ɗan dakan fura ko na yaji ma yana cikin lissafi, muddin ita ta so, kuma ta ajiye taɓarya sa'ad da ta gaji. Mai sana'ar zaune ta riƙa miƙewa a kai a kai tana ɗan zagayawa.

Ga gargaɗi kuma. Wadda ta ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Wadda ke jin wani abu yana saukowa a gabanta, ko fitsari na kufce mata, kada ta ɗaga nauyi sai ta ga ungozoma ko likita. Kada a riƙe numfashi wajen ɗaga kaya, yana tayar da jini. A sha ruwa, a guji tsakar rana, da azumi a bari sai an sha ruwa. Wadda aka ɗora wa maganin hawan jini ko na sukari kada ta bari don ta fara tafiya. Kuma kowace mace da ta kai 40 ta riƙa zuwa ana auna jininta. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a awo fiye da ɗaya, to, hawan jini ne, ko da ba ta jin kome.

Hukuncina a kan littafin nan shi ne, gaskiya ce tsantsa amma ɗanya, sai an dafa ta kafin ta ciwu a gidajenmu. Ya kamata hukumomin lafiya da na ilmin manya na Jihar Kano su sa a yi ɗan ƙaramin littafi da Hausa, da boko da ajami, da hotunan mata cikin suturarsu, wanda zai ware macen da ta manyanta, ya bambanta wadda zama ya yi wa yawa da wadda wahala ta yi wa yawa, a riƙa karanta shi a azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun Islamiyya na matan aure. Ya kamata kuma jami'o'inmu, ga Jami'ar Bayero nan a kan hanyar Gwarzo ba nisa da mu, su yi irin waɗancan gwaje-gwaje a kan matanmu, don mu daina aron awon wasu.

Game da Yaya kuwa, da na koma na yi mata wannan bayani, ba ita ta ba ni wahala ba, ɗanta ne. Ya ce, "Kawu, so kake a zage ni a gari, a ce ina da babur uwata na tafiya a ƙasa?" Na ce masa, "Zaɓi ɗaya: a gan ta tana tafiya a ƙasa yau, ko a gan ka kana ɗaukarta a baya gobe." Ya sunkuyar da kai. Yanzu ita da ƙawayenta biyu suke takawa zuwa Islamiyya a unguwar gaba, ta kuma karɓe dakan furar maigidanta daga hannun suruka, maganinta kuwa ba ta fasa sha ba. Ran da na je gaishe ta na tambaye ta jiki, sai ta ce, "Auta, ni ban san lambobinku ba. Abin da na sani, yanzu ina tashi daga sujada ban dafa bango ba."

Ku da Allah ya ba ku karatu, ku karanta wa iyayenku da matanku da yayyenku wannan, ku kuma bar su su taka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.